Ciyar da Bakwaini da Sabon Jariri: Daga Ɗigon Dakashi Zuwa Kama Nono

Lokacin da ƙanwata ta haihu a wani asibiti a nan Kumasi, cikin bai wuce mako 33 ba, kuma da aka ɗora yaron a kan ma'auni nauyinsa kilo 1.8 ne. Kafin azahar mutanen gida sun taso daga Aboabo da kulolin abinci da fulas ɗin koko, uwar mijinta kuma ta zo da 'yar kwalbar zamzam da dabino ɗaure a bakin mayafi. Kowa na tambayar abu guda: me za a ba shi, tunda bai iya kama nono ba? Amsar tambayar nan ce zan bi daki-daki, bisa abin da binciken likitoci ya tabbatar, domin iyaye da kakanni su san dalilin abin da ake yi wa ɗansu a ɗakin jarirai, su kuma san nasu aikin idan an sallamo shi.

Da farko a san matsayin jaririn, domin shi ne ke nuna hanyar da abinci zai bi ya shiga cikinsa. A wurin likita, bakwaini shi ne duk wanda aka haifa kafin ciki ya cika mako 37, ko da a wata na takwas ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa an haifi irinsu miliyan 13.4 a shekarar 2020. Wanda bai kai kilo 2.5 ba ana lissafa shi cikin masu ƙarancin nauyi, wanda bai kai kilo 1.5 ba kuwa yana cikin masu ƙarancin nauyi ƙwarai. Abin da ya fi nauyin muhimmanci wajen ciyarwa shi ne makonnin ciki, saboda jariri ba ya iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi a jere sai wajen mako 32 zuwa 34. Idan aka ɗura wa wanda bai kai nan ba abu a baki, yana iya shaƙewa, nonon ya gangara huhu. Saboda haka mai jego ta tambayi nas lambobin nan biyu, makonni da nauyi, ta tabbatar an rubuta su a littafin lafiyar uwa da ɗa.

Mataki na farko yana cikin sa'ar farko bayan haihuwa. Hujja mafi ƙarfi a kan wannan daga ƙasarmu ta fito. A yankin Kintampo an bi diddigin jarirai 10,947 da aka haifa tsakanin 2003 da 2004, aka wallafa sakamakon a 2006, inda masu binciken suka lissafa cewa da kowane jariri zai fara shan nono a ranar farko da an kauce wa kashi 16 cikin ɗari na mutuwar jarirai a watan farko, da kuma zai fara a sa'ar farko da adadin ya kai kashi 22. Jaririn da ya cika watanninsa, lafiyarsa ƙalau, a share masa jiki a kwantar da shi tsirara a ƙirjin uwarsa, a lulluɓe su tare, a bar shi ya lalubi nono da kansa. Wanka zai iya jira har a kwana.

Abin da ke fitowa a kwanakin nan shi ne dakashi, mai kauri, mai launin ɗorawa, wanda a gidaje da yawa har yau ake matsewa a zubar wai ƙazanta ne, ko a ce sai an gwada nonon an ga ko mai kyau ne kafin a ba yaro. Wannan asara ce babba. Dakashi cike yake da sinadaran kariya da jikin uwa ya haɗa domin yaƙar ƙwayoyin cutar da ke kewaye da ita, yana shafe bangon hanjin jariri, yana kuma taimaka masa ya fitar da baƙin kashin farko, wanda hakan ke rage ciwon shawara. Ƙarancinsa ma bai kamata ya tayar da hankali ba, domin cikin jaririn da ya cika watanni a ranar farko bai fi ɗaukar mililita 5 zuwa 7 ba, wato cokalin shayi ɗaya da ɗan ɗori. Nono mai yawa yana zuwa ne a kwana na biyu zuwa na huɗu.

Idan jaririn bakwaini ne da ba zai iya tsotso ba, mataki na biyu shi ne tatsa, kuma a nan ne nake ganin aka fi yin sakaci, domin kowa hankalinsa yana kan kwalbar ɗumama jarirai da aka sa yaro, an manta da uwar da ke kwance a wani ɗaki. Ta fara tatsa cikin sa'o'in farko, kada ta wuce sa'a shida idan jikinta ya yarda, ko da an yi mata aiki ne. Ta wanke hannu da sabulu, ta ɗan murza nonon a hankali daga sama zuwa ƙasa, sannan ta ɗora babban yatsa a saman baƙin da ke kewaye da kan nono, manuniya a ƙasansa, ta danna baya wajen ƙirji, ta matse, ta saki, ta sake, tana zagayawa da yatsun. Kada ta ja kan nonon, kada kuma ta goge fata da yatsu har ta yi zafi. Na ga ƙanwata a daren farko ta yi kusan minti ashirin tana wannan aiki, abin da ya taru bai kai rabin cokali ba, nas ta zuƙe shi ɗigo-ɗigo da ƙaramin sirinji ta tafi da shi kamar wadda ta ɗauko zinariya. Ƙanwata ta fashe da kuka tana cewa ba ta da nono. A kwana na huɗu kofi take cikawa.

Sirrin abin shi ne yawan tatsa: aƙalla sau takwas a yini da dare, har da sau ɗaya ko biyu cikin dare, domin nono gwargwadon yadda ake kwashe shi yake ƙaruwa. Tatsa kusa da jariri, ko bayan an ɗora shi a ƙirji, ta fi kawo ruwa. Game da ajiya, ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce sa'a huɗu a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, kuma kowa ya san ɗakunanmu na zango sun fi haka zafi da rana, don haka a ba da shi da wuri ko a sa a firji cikin kofi mai murfi da aka tafasa. A firji mai sanyi sosai yana kai kwana huɗu, amma ga bakwaini asibitoci da yawa ba sa wuce kwana biyu, kuma inda wuta ke yawan ɗaukewa kada a dogara da firjin da ya kwana a kashe. Idan za a ɗumama, a tsoma kofin cikin ruwan ɗumi, ba a ɗora shi a wuta.

Me ya sa ake wannan wahala alhali ga madarar gwangwani a kanti? Akwai wata cuta da likitoci ke kira NEC a taƙaice, wadda ke sa hanjin bakwaini ya kumbura, wani sashensa ya ruɓe, kuma tana kisa. A 1990 Alan Lucas da Tim Cole suka wallafa binciken da suka yi a Ingila kan bakwaini 926, suka samu cutar ta ninka sau shida zuwa goma a cikin waɗanda aka ba madarar gwangwani zalla idan aka kwatanta da masu shan nonon mutum zalla. Binciken da ya biyo baya, wanda ya kwatanta madarar da nonon da wasu mata suka bayar, ya nuna masu shan madara sun fi saurin ƙiba, amma haɗarin cutar hanjin ya kusa ninkawa biyu a wurinsu. Wannan ya sa jerin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Nuwamban 2022 ya sa nonon uwa a gaba, sai nonon wata mace da aka tace, sai madarar da aka haɗa musamman domin bakwaini idan biyun sun gagara.

Zancen nonon wata mace yana da nauyi a wurinmu, domin shayarwa tana haramta aure kamar yadda aya ta 23 ta Suratun Nisa'i ta bayyana. Inda ake da rumbun nono, kamar wanda aka buɗe a asibitin haihuwa na Pumwani a Nairobi a 2019, ana gwada jinin mai bayarwa, a dafa nonon a digiri 62.5 na minti talatin. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Jidda a 1985 ta hana irin rumbun da ake gauraya nonon mata ba a san mai shi ba, wasu malaman kuma daga baya sun sassauta. A ganina hanyar da ta fi kwanciyar hankali ga iyalanmu ita ce mace sananniya, wadda asibiti ya gwada ta game da ƙanjamau da ciwon hanta da sauransu, a rubuta sunanta, gidajen biyu su san an zama 'yan'uwa. Miƙa jariri ga maƙwabciya ba tare da gwaji ba kuwa ganganci ne.

Mataki na uku shi ne hanyar shigar da nonon. Ga wanda bai kai wajen mako 32 ba, ko mai wahalar numfashi, ana zura siririyar roba ta hanci ko ta baki har cikin ciki, a ɗaura sirinji a bakinta, a zuba nonon, a ɗaga shi sama kaɗan ya gangara da kansa, ba a tura shi da ƙarfi. Iyaye da yawa suna tsorata da robar nan, suna ɗauka alama ce ta cewa yaro ya yi nisa, alhali cokalinsa ce kawai kafin bakinsa ya ƙware, kuma uwa tana iya koyon riƙe sirinjin da kanta. A da likitoci suna jinkirta ba ƙananan bakwaini nono kwana da kwanaki suna ƙarin ruwa kaɗai, don tsoron cutar hanji. Bincike bai goyi bayan jinkirin ba, kuma shawarar yanzu ita ce a fara tun ranar farko ga mafi yawansu. Haka ma saurin ƙari: wani gwaji da aka yi kan jarirai 2,804 a Birtaniya da Ailan, aka wallafa a 2019, ya kwatanta ƙarin mililita 30 da na mililita 18 ga kowane kilo a kullum. Masu saurin sun kai cikakken abinci a kwana 7, masu jinkirin a kwana 10, kuma ba a ga bambanci a cutar hanji ko lafiyar ƙwaƙwalwa ba da suka kai shekara biyu.

Ga yadda lissafin yake, domin uwa ta gane abin da ake rubutawa a takardar gadon ɗanta. Ana farawa da kimanin mililita 60 ga kowane kilo a ranar farko, ana ƙarawa kullum har a kai 150 zuwa 180. Ɗan ƙanwata mai kilo 1.8 ya fara da mililita 108 a yini, aka raba sau goma sha biyu, wato mililita 9 duk bayan sa'a biyu, bai cika cokalin shayi biyu ba. Da ya kai 150, abincinsa ya zama mililita 270, kusan 34 duk bayan sa'a uku. Likita ne ke yanke adadin, musamman idan ana haɗawa da ƙarin ruwa, amma abin da ya rataya a wuyan uwa shi ne agogo. Bakwainin da bai kai mako 34 ba barci ya fi ƙarfinsa, ba ya kukan yunwa, sukarin jininsa kuma yana iya faɗuwa yana kwance shiru, don haka ana ciyar da shi bisa lokaci, a tashe shi ko yana barci. Maganar "a bar shi ya huta, in ya ji yunwa zai tashi" ta jaririn da ya cika watanni ce.

Daga roba sai kofi. Ana samun ƙaramin kofi mai santsin baki, a tafasa shi, a naɗe hannayen jariri da zane, a zaunar da shi a cinya a tallafe wuyansa, a ɗora bakin kofin a leɓensa na ƙasa, a karkata har nonon ya taɓo leɓe, sannan a tsaya. Shi zai riƙa lasa da harshe kamar ɗan kyanwa, yana hutawa, yana komawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne zubawa a baki irin ɗurar da aka saba yi wa yara da koko, kuma wannan ita ce hanyar shaƙewa. Binciken da ya tattara gwaje-gwaje da dama ya nuna bakwainin da aka ciyar da kofi maimakon bulumboti sun fi barin asibiti suna shan nonon uwa zalla. Ga kuma dalili na kusa: kofi yana wankuwa da sabulu a ga tsabtarsa da ido, bulumboti kuwa yana da lungunan da madara ke maƙalewa ta yi tsami.

Duk wannan yana tafiya ne tare da goyon ƙirji, wanda ake kira renon kangaru. Dakta Edgar Rey ne ya fara shi a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalaben jarirai. Ana sa wa jariri hula da safa da kunzugu kaɗai, a kwantar da shi a tsaye tsakanin nonon uwa, fata na taɓa fata, kansa ya juya gefe, a ɗaure da zane kamar goyo amma ta gaba. Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke nan Kumasi yana cikin asibitoci biyar, tare da na Indiya da Malawi da Najeriya da Tanzaniya, da suka gwada fara wannan goyo nan take bayan haihuwa ga jarirai masu kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8, ba tare da jiran sai sun murmure ba. A cikin jarirai 3,211, mutuwa a kwana 28 na farko ta kasance kashi 12 cikin ɗari ga waɗanda aka fara wa nan take, kashi 15.7 ga sauran, har aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa saboda amfanin ya bayyana. An wallafa shi a 2021. Shawarar yanzu ita ce sa'a 8 zuwa 24 a kullum, kuma uba ko kaka ko ƙanwar uwa suna iya karɓa idan mai jego za ta yi wanka ko sallah. Jaririn da ke ƙirji ba ya ƙona ƙarfinsa wajen neman ɗumi, yana kuma jin ƙamshin nono, sai ka ga ya fara lasar kan nonon da kansa. A bar shi ya yi, musamman bayan an tatse, domin da haka yake koyo.

Alamar kamu mai kyau ita ce baki ya buɗe sosai, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓa ta taɓa nono, baƙin nonon ya fi fitowa ta saman baki, ana kuma jin haɗiya. Bakwaini yana gajiya da wuri, don haka a makonnin farko a ba shi nono ya tsotsa, sannan a cika masa da kofi, ana rage kofin gwargwadon yadda ma'auni ya nuna yana samu.

Sai abin da ba a ba shi. A rana ta biyu uwar mijin ƙanwata ta kwance bakin mayafinta ta ce mini, "Ɗana, ko ɗigo ɗaya na zamzam ba za a bari ya shiga bakinsa ba?" Na ce, "Mma, ki ba mai jegon ta sha, ki yi masa addu'a a kansa, abin da ta sha zai same shi ta nono, in ya yi ƙwari kwalbarki tana nan." Ta yi shiru, sannan ta miƙa wa surukarta. Ruwa kowane iri ne, da rubutu, da jiƙo, da ruwan sukari, da nonon akuya ko na shanu, suna cika ɗan cikin da nono ya kamata ya shiga, suna kuma iya shigar da ƙwayar cuta. Nono kansa fiye da kashi 80 cikin ɗari ruwa ne, ya ishe shi ko a zafin watan Maris. Zuma kuwa ba a ba yaro sai ya shekara, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar da ke shanye jijiyoyin jariri. Game da shafa dabino a dasashi, wanda sunna ce, a yi magana da nas tukuna idan yaron yana kan roba ko iskar numfashi, a jinkirta har ya samu ƙarfi, kuma a yi da hannu mai tsabta.

Idan likita ya ga dole sai an ba da madarar gwangwani, a sani cewa garin ba tsarkakakke ba ne daga ƙwayoyin cuta. A tafasa ruwa, a bar shi ya ɗan huce amma kada ya sauka ƙasa da digiri 70, a zuba garin daidai ma'aunin da ke jikin gwangwani, a sanyaya, a bayar da kofi, abin da ya rage bayan sa'a biyu a zubar. Tsinka madara da ruwa don gwangwani ya daɗe yana jawo rama, kuma kafin a fara a lissafa ko aljihu zai ɗauki gwangwani bayan gwangwani har wata shida. Uwa mai ɗauke da ƙanjamau da ke shan maganinta kullum tana shayarwa, bisa shawarar asibitin da ke kula da ita.

Bayan sallama, ma'auni ne alƙali. Jariri yana raguwa a kwanakin farko, har kusan kashi goma cikin ɗari na nauyinsa, ya mayar cikin mako biyu, bakwaini wani lokaci ya ɗan fi haka. Daga nan ana son ƙarin kimanin giram 15 ga kowane kilo a kullum, wato ga mai kilo 1.8 kusan giram 190 a mako, tare da fitsari sau shida ko fiye a yini. Bakwaini ba ya samun isasshen sinadarin ƙarfe daga ciki, domin a watannin ƙarshe ake tara shi, saboda haka ana rubuta masa ɗigon maganin ƙarin jini, sau da yawa har da bitamin D, kuma a ci gaba da ba shi ko da ya yi ɓul-ɓul. Waɗanda ba su kai kilo 1.5 ba wani lokaci ana ƙara wa nonon uwarsu wani garin ƙarfafawa a asibiti. A koma asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne, idan ciki ya kumbura ya yi tauri, ko amai ya zo kore, ko aka ga jini a kashi, ko ya ƙi abinci sau biyu a jere, ko jikinsa ya yi sanyi ƙasa da digiri 36.5 ko zafi sama da 37.5, ko numfashi ya riƙa tsayawa, ko shawara ta sauko har tafin hannu da ƙafa.

Ranar suna a yanka rago a raɗa suna, amma yaron ya zauna a ƙirjin uwarsa a ɗaki, kada a riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu, mai mura kuma ya yi barka daga bakin ƙofa. Mai jego ta ci tuwo da miyar ganye, da wake, da ƙwai, da kifi, ta sha ruwa duk lokacin da ta zauna tatsa. Kunun kanwa da ake cewa yana kawo nono a rage shi ƙwarai, domin likitocin Zariya tun shekarun 1970 sun danganta yawan kanwa da wankan jego mai tsananin zafi da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Wadda ke aikin albashi ta san cewa dokar ƙwadago ta Gana ta 2003 ta ba ta hutun haihuwa na aƙalla mako goma sha biyu, da sa'a guda a lokacin aiki domin shayarwa idan ta koma. Wadda ke da rumfa a Kejetia ko kasuwar Asawase kuwa ta fara koya wa mai riƙe mata yaro ciyarwa da kofi tun mako biyu kafin ta fita, ta kuma tafi da kofi mai murfi domin tatsar tsakar rana.